Ruwan da ya bar ƙofarmu, ina ya nufa?



A damunar bara an kawo wa dattijonmu ƙara, mu ne muka riƙe alƙalami. Maƙwabta biyu ne a nan Kilomita Biyar, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya ya haƙa sabon masai a jikin katangar, rijiyar ɗayan kuwa ba ta kai taku goma daga wurin ba. Yara uku suka kwanta da gudawa. Mai masai ya rantse ruwan rijiyar garau yake, ya ɗebo a kwano ya nuna wa jama'a: ba launi, ba wari, ba ɗanɗano.

Sai muka yi tsit, domin hujjar da ya kawo ita muka haddace muna yara a gaban malam, cikin Ishmawi da Risala: ana alwala da ruwa matuƙar ɗaya daga sifofin nan uku bai jirkita ba. Hukuncin daidai ne a babinsa. Amma babin tsarki daban, babin cuta daban. Ƙwayar kwalara ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. Masana tsafta sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A unguwar da gida ke jingine da gida, ina za mu samo mita 30?

Abin da ya fi damun mu bai ma shigo cikin ƙarar ba. Kowa ya san abin da ake yi cikin dare in an tsuge da ruwa: a buɗe masai da ya cika, a tura shi kwata, a ce ruwa ya tafi da shi. Haka ruwan wanki, da jinin yanka, da baƙin man gareji. Daga kwata sai babbar magudana, daga nan sai gangare, ƙarshenta Ubangi. Can akwai masunta da mata masu wanki a Bimbo, akwai mutanen Zinga da Mongoumba, akwai na tsallake a ƙasar Kwango. Ba su san sunanmu ba, amma suna shan abin da muka zubar.

Mu ma muna ƙasan wasu. A 2016 kwalara ta ɓulla a yankin Ndjoukou, can sama da mu, ta biyo kogi har ta iso Bangui. A Oktoban 2019 kuma Ubangi ya yi ambaliya, ya raba dubban mutane da gidajensu, ya cakuɗa masai da rijiyoyi. Daga kogin nan SODECA ke jan ruwan famfon da muke bin layinsa da jarka. Shari'a ta riga ta tsananta a kan ɓata mashayar jama'a. Mun karanta, sai dai mun ɗauka rafin ƙauye kawai ake nufi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ruwan wanka da na alwala a yi masa rami, a cika da duwatsu da tsakuwa da yashi, ƙasa ta tace shi. Masai a ɗaure shi da siminti, ya zama ɗaki biyu, kauri ya kwanta a na farko. In ya cika a kira masu kwasa, a kuma tambaye su inda za su juye, don mun ga wanda ya karɓi kuɗi ya sauke a bakin magudana. Ƙauyukan da ke da fili sun fi mu sa'a: tafkuna a jere, rana da 'yan makonni su kashe yawancin ƙwayoyin kafin ruwan ya koma kogi.

Dattijo ya yanke a rufe rijiyar, mai masai ya ɗauki rabin kuɗin ruwan maƙwabcinsa har wata shida. Muka rubuta, suka sa hannu. Da aka watse ya ce mu buɗe sabon shafi mu ƙirga gidajen layinmu da bututun bayan gidansu ke fita kai tsaye cikin kwata. Mun fara ranar Asabar. Gidanmu ne na huɗu.