Jan Sukari Ma Sukari Ne

A wannan wata wani kuskure nawa na kaina nake so in tona, domin na tabbata ba a gidanmu kaɗai yake ba. Shekara 19 ke nan ina koyar da lissafi a makarantar firamare a nan Umbadda, amma sai ga lissafin cokalin shayi ya kayar da ni, kuma a jikin mahaifiyata abin ya ƙare.

Kowa ya san matsayin shayi a wurinmu. Da safe shayin madara da ligemat, bayan abincin rana jan shayi, da magariba kuma a sake ɗora buta. In ka zauna wurin mai shayi a gindin darbejiya, kafin ka buɗe baki ta riga ta zuba sukarin da ya kai kaurin yatsa a gindin kofi. Ina yaro, a farkon shekarun 1990, da kati ake raba sukari, kuma ni ake aika wa in bi layi. In rabonmu ya ƙare kafin na gaba ya zo, sai Inna ta ba kowa dabino guda, mu sa a kunci muna kurɓar shayi a kansa. Saboda haka ga mutanen zamaninta, sukari a kofi alama ce ta rufin asiri. Ba baƙo shayi salam kuwa abin kunya ne.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya kore mu zuwa Rabak, wurin dangi, ba nisa da gonakin raken Kenana, inda aka buɗe babbar masana'antar sukari a 1981. A can ne, muna kallon rake iyakar ganin ido, likita ya shaida mana cewa Inna tana da ciwon sukari. Aka ɗora ta a kan magani, aka ce ta rage zaƙi. Da muka dawo gida a 2025, babu abin da ya fi ba mu wahala irin shayinta. Ta ce ita ta ga yaƙi ta ga gudun hijira, ba za ta ƙarasa kwananta tana shan ruwan ɗaci ba.

Ana nan, ran nan a ɗakin malamai wani abokin aikina ya ce ai abin mai sauƙi ne. In saya mata jan sukari, wai shi ba a tace shi ba, yana da amfani a jiki, kuma ba ya cutar mai ciwon sukari. Ban tambaye shi inda ya ji ba. Na je na saya, ga shi ya fi fari tsada, na dawo ina jin na yi abin kai. A daidai lokacin kuma ƙanena da ke aiki a Jidda ya aiko mata da kwali guda na garin shayin nan mai narkewa, wanda ake ƙullawa a 'yan ledoji, a juye a ruwan zafi a sha nan take. Inna ta ji daɗinsa ƙwarai. Sau uku a rana takan juye ƙunshi guda, ta ƙara cokali biyu na jan sukarin Malam, tunda an ce magani ne.

Ba a yi wata biyu ba sai ƙishirwa ta dame ta, dare ɗaya ta fita bayan gida sau huɗu ko biyar, sa'an nan wani ɗan ciwo da ta ji a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Da aka auna jininta a asibiti, sukarin ya haura 300. Likitar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina na farko ba, ta tambayi abin da take ci da abin da take sha, ta ce in kawo mata ƙunshin shayin. Da na kawo, ta juya bayansa ta miƙo mini, ta ce, "Ustaz, ka taɓa karanta nan?" Wallahi ban taɓa ba. Ni da nake dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa.

To, ga abin da na gano daga bakinta da kuma binciken da na yi daga baya.

A masana'anta ana matse rake, a dafa ruwansa har ya yi ƙwaya, sa'an nan a raba ƙwayar da baƙin maɗin da ke manne da ita. Ƙwayar ita ce farin sukari. Yawancin jan sukarin da ke kanti farin nan ne aka mayar masa da ɗan maɗi, abin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, don launi da ƙamshi. Masana abinci suna auna kuzarin da abinci ke bayarwa da abin da suke kira kalori. Giram 100 na farin sukari yana da kalori 387, na ja kuwa 380. Gaskiya ne maɗin yana ɗauke da ɗan kalsiyam mai gina ƙashi, kamar miligiram 83 a giram 100, alhali kuwa babban mutum yana bukatar wajen miligiram 1,000 a rana. Wato sai ka shanye fiye da kilo guda na jan sukari kafin ka sami kalsiyam na yini ɗaya. A cikin jini kuwa, fari da ja duk kanwar ja ce. Ko mazarƙwailar da dattawanmu ke ba da labari, wadda ake dafawa a Maƙarfi ta ƙasar Zazzau, duk da ta fi su riƙe abin da ke cikin rake, mafi yawanta sukari ne.

Garin shayi kuma iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai zalla, wato ganyen shayi da aka dafa aka ƙafar da ruwan ya koma gari. Wannan ɗan kaɗan ake sa wa a kofi, bai kai kalori 5 ba, babu sukari a ciki, sai sinadarin nan na kafeyin mai hana barci, irin wanda ke cikin goro. Shi da jan sukari ba a ma haɗa su, domin ɗaya kusan ba ya ƙara wa jiki kuzarin komai, ɗaya kuwa kuzari ne tsura ba tare da wani abin gina jiki ba. Na biyun shi ne haɗaɗɗe, mai sukari da garin madara ko mai maye gurbin madara. Ƙa'ida ita ce a jera kayan haɗi a bayan ƙunshi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. A ƙunshin Inna sukari ne a farko, shayi yana can kusa da ƙarshe. Nauyinsa giram 20, a ciki 12 sukari ne.

Yanzu mu yi lissafin tare. Ƙaramin cokali yana ɗaukar kamar giram 4. Ke nan kowane ƙunshi cokali 3 ne, a ƙara 2 na jan sukarina, 5 ke nan. Sau uku a rana, cokali 15. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum mai lafiya ya wuce kamar cokali 12 a rana, in ma da hali ya tsaya a 6, kuma wannan ya haɗa da na lemon kwalba da alewa da komai. Mai ciwo ke nan muka ɗora wa abin da ya fi ƙarfin mai lafiya. Garin gyaran gira mun kusa rasa ido.

Da dare na zauna gefen tabarmarta na ce, "Inna, ki gafarce ni, laifina ne. Jan nan da farin duk abu ɗaya ne." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai wannan, ashe karatun naku ma yana kwana a kan dami." Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma kada a gaya wa na Jidda, don kada ransa ya ɓaci, shi alheri ya nufa.

Yanzu ganyen shayi ake dafa mata da na'ana'a da kirfa da ɗan kanumfari. Waɗannan ba magani ba ne, amma suna sa baki ya manta da rashin zaƙi. Likita ta yarje mata rabin cokali da safe kawai, kuma fari muke sa wa, tunda ya fi araha. Alhamdu lillahi, yatsan ya warke bayan mako bakwai ana wanki. Har gobe takan yi ƙorafi, amma in baƙo ya zo yanzu daban ake kawo sukari a ɗan kwano, kowa ya zuba da hannunsa.

Roƙona ga 'yan'uwa, musamman masu karatu a cikinmu, shi ne mu riƙa juya bayan ƙunshi kafin mu miƙa wa tsofaffinmu, domin su da amana suke karɓa daga hannunmu. Mai ciwon sukari a gida kuma, kada a sauya masa ci ko sha a kan jita-jita sai an tambayi likita. Na kai ledar nan aji, na rubuta lambobinta a allo, kuma yara 'yan shekara 11 sun fitar da amsar cikin minti biyar.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.