Tabarmar Agadas

Mu 'yan Damilu, kan tabarmar roba ta kasuwar Jimeta muka girma. Sai da muka keta hamada muka isa Agadas muka ga yadda hannu ke saƙa. Kusa da masallacin nan na laka da aka gina a 1515, wata dattijuwa ta zauna da jiƙaƙƙiyar kaba, tana sarƙa ja cikin fari, ko duban yatsunta ba ta yi. Tabarma guda takan cinye mata kwanaki. Ta ce tun tawayen 2007 Turawa masu saye suka ɗauke ƙafa. Muka tambayi wa zai gaje ta. Ta nuna jikarta can tsallaken hanya, tana tallar ta roba.