Hayar Suna

A Birnin Kebbi akwai masu ba da hayar shago, da masu hayar kujerun biki, da masu hayar injin ban-ruwa a fadama. Yanzu an samu ƙarin masu ba da hayar suna. Ba su da yawa. Za ka gan su a shagunan kwamfuta na bakin titin Ahmadu Bello, ko wajen kwalejin Waziri Umaru, tsakanin mai fotokofi da mai POS. Galibi samari ne da suka gama karatu, aiki bai samu ba. Jarin bai wuce kwamfutar cinya ɗaya da waya da fanka mai caji ba. A allon ƙofa an jera ayyuka: rajistar JAMB, rajistar CAC, buga katin aure. Can ƙasa, da ƙaramin rubutu, an sa haɗa shafin intanet.

Abu uku ake biya wa kuɗi in za a yi shafi. Akwai sunan da ake bugawa a sama, mai ƙarewa da .com ko .ng. Akwai masauki, wato gurbi a cikin wata babbar kwamfuta da ba ta kwana, inda ake ajiye hotuna da rubutun. Sai aikin hannun yaron. Mai biya na ukun kaɗai yake gani, don shi ne mai launi. Na farko da na biyu sai bayan shekara suke gabatar da kansu.

Sunan ba na sayarwa ba ne. Haya ake bayarwa, shekara-shekara. In ka matsa a karɓi na shekara goma a dunƙule, ba a wuce nan. Ko'ina a duniya haka abin yake. Google ma ɗan haya ne.

Ka bi kuɗin ka ga inda suke kwana. Duk sunan da ya ƙare da .com, rajistarsa tana hannun Verisign, wani kamfani a jihar Bajiniya ta Amurka. A Satumban 2024 ya fara karɓar dala 10.26 a kan kowane suna duk shekara daga manyan dillalai. Su ɗora nasu. Dillalin Legas ya ɗora nasa. Yaronmu ya ɗora na data da na mai. Ta haka ribar buhun shinkafar da aka noma a Suru take ratsa hannu huɗu ta sauka a ƙetaren teku, a kan abin da ba a iya aunawa da mudu.

Muna da namu na gida. An buɗe .ng a 1995, Jihar Kebbi tana da shekara huɗu a duniya, kuma da farko daga wata cibiyar bincike a Pisa ta Italiya ake kula da injinansa. Tun 2005 akwai ƙungiyar NiRA, ita ke riƙe da shi yanzu, da naira ake biya. Amma ka gwada tallata wa Alhaji .com.ng. Zai ce a cire masa wutsiyar. Shi .com yake so zalla, irin na manyan kamfanoni. An yi ta ba shi abin da yake so har Yunin 2023, lokacin da aka saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Dala goman nan kusan ba ta motsa ba. Naira 4,600 ce ta wayi gari 15,000.

Na taɓa zama a benci ana wannan lissafi ta waya. Yaron ya sa murya a fili, don hannunsa na kan wani aiki.

"Alhaji, barka da rana. Maganar shafin nan ce, wata mai kamawa hayarsa za ta ƙare."

"Wace haya? Yaro, wanga abu ba bara na biya ka kuɗɗinai ba?"

"An biya, ranka ya daɗe. Na bara ke nan."

"To mi ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace, Alhaji."

Aka yi shiru. Sai Alhaji ya ce zai neme shi bayan la'asar. Yaron ya jawo wani littafi mai layi, irin na 'yan firamare, ya ɗiga alama a gaban wani suna. Alamomin da ke gaban sunan sun riga sun cika layin.

Littafin nan shi ne sana'ar. Haɗa shafi aikin 'yan kwanaki ne, don ba daga tushe ake ginawa ba. Akwai WordPress, akwai zubi iri-iri da aka riga aka tsara, sai dai a canza launi da suna. Abin da ke cin shekara shi ne tuni. Wane watan Maris, wance watan Yuli, makarantar can kafin a koma hutu. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar uwar adashi, sai dai nan babu ranar kwasa. Wani lokaci ya biya daga aljihunsa don kada sunan ya faɗi, da fatan za a mayar masa. A shafin baya na littafin yake rubuta waɗannan, da jan biro.

Su wa ke saye? Makarantu masu zaman kansu. Otal. Ƙungiyar da ke neman tallafi daga waje, don fom ɗin masu ba da tallafin yana da gurbin adireshin intanet, kuma ba a son a bar shi fayau. Ɗan kwangilar da aka ce masa imel mai sunan kamfani ya fi na Gmail kwarjini. Kusan dukansu abu ɗaya suke tambaya ranar da aka gama: yaushe za a buga sunan a kati da jikin mota? Da wuya ka ji wanda ya tambayi mutum nawa suka leƙa.

In kana da data, buɗe irin waɗannan shafuka ka sha kallo. Makaranta tana Badariya, amma yaran da ke hoton farko jajaye ne masu rigar sanyi, suna dariya a kan ciyawa kore shar. Hoton da ya zo da zubin ne. An ce shugaban makaranta zai turo na gaske, bai turo ba. Ka gangara ƙasa, wajen tarihin makaranta, ka tarar da rubutun Latin na cike gurbi, wanda masu zubin suka sa kafin a samu abin rubutawa. Yana nan shekara da shekaru. Wajen labarai kuwa, sabon labari shi ne na bikin buɗe shafin.

Cinikin gaske yana WhatsApp. Dillalin shinkafa zai ɗauki hoton buhu, ya tura wa mutumin Legas, su yi ciniki da saƙon murya, alat ya shigo, a yi lodi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a garin nan a Nuwamban 2015, shinkafar Kebbi ta yi suna a ƙasa, har aka yi shinkafar haɗin gwiwa ta Lake Rice da Legas a 2016. Ban ga tirelar da ta tashi don wani ya cike fom a shafi ba. A shafin ma, maɓallin da ya fi aiki shi ne koren nan na kusurwa, mai mayar da kai WhatsApp.

Wani abin kuma, shafukan ba a garin suke zaune ba. A Satumban 2023 gobara ta ci tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, mu da Sakkwato muka shiga duhu. Masu ƙanƙara suka tafka asara. Layin cajin waya ya yi tsawo. Shafukan otal-otal ɗinmu ko gezau, suna can cikin sanyin na'ura a Turai ko Amurka ko Legas, suna yi wa duniya alkawarin wuta dare da rana.

In ba a biya haya ba, sunan ba ya mutuwa nan take. Dillali kan ɗaga ƙafa na wasu makonni. Daga nan a shiga kwana 30 na fansa, da tara mai zafi. Sai kwana 5 na jiran gogewa. Bayan nan ya koma kasuwa, duk wanda ya riga shi ne mai shi. Akwai masu injinan da ba su da aiki sai dakon irin wannan gawa. Shi ya sa za ka bi adireshin da ke jikin motar wata makarantar Islamiyya, ka faɗa shafin caca da rubutun da ba ka san ko na wace ƙasa ba ne. Na 'yan takara sun fi saurin tafiya. Sunayen da aka kama gab da zaɓen 2023, masu ɗauke da shekarar a jikinsu, yawanci ba wanda ya sake tambayar su. Wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya. Wanda ya ci ya koma .gov.ng.

Samarin su ma suna da nasu mafarkin. Kowannensu ya ji labarin voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019. Sun ji na Anguwila, ɗan tsibirin da mutanensa ba su kai 20,000 ba, wanda rabo ya ba .ai, yanzu yana kwasar miliyoyin daloli duk shekara. Saboda haka kowa yana da 'yan sunayen da ya kama ya ɓoye: wani da shinkafa a ciki, wani da Gwandu, wani da kifin Argungu. Ana jiran ranar da babban mutum zai zo nema. Lissafin Argungu ya isa ya sanyaya gwiwa. Bikin kamun kifin ya faro tun 1934, UNESCO ta sa shi a kundinta a 2016, amma daga 2009 ba a sake yin sa ba sai Maris na 2020. Wanda ya kama suna dominsa a wancan lokaci ya biya hayar fiye da shekara goma kafin a sake jefa homa a kogin Matan Fada.

Rigimar da ta fi yawa ita ce ta mallaka. Ranar rajista Alhaji ba ya kusa, kuma bai tuna kalmar sirrin imel ɗinsa ba. Yaron ya sa nasa imel ɗin da lambar wayarsa don aiki ya yi sauri. A idon masu rajista, sunan na yaron ne. Ba a gane haka sai ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, ko sun ɓata. Sabon yaron da aka kawo ya ce ba shi da mabuɗi. A shiga neman tsohon ta wajen iyayensa.

Wani dattijo mai injin casar shinkafa ya ji irin wannan labari, ya zo da kansa. Ya ce shi ba ya ajiye dukiya babu takarda. Yaron ya yi bayani har ya gaji cewa abin ba ya da takarda. Dattijon ya gyara zama. Daga ƙarshe yaron ya buɗe bayanan rajistar, ya mayar da komai sunan dattijon, ya buga a farar takarda, ya kai maƙwabcinsa ya liƙe ta da leda. Dattijon ya juya ta gaba da baya, ya biya, ya ce za ta shiga akwati ɗaya da takardun fili. A layi na huɗu an rubuta ranar ƙarewar haya da Turanci, saura wata bakwai.