Daga Sabo Zuwa UCH: Tafiyar da Ta Ci Wata Bakwai

Daga Sabon Ibadan zuwa asibitin koyarwa na UCH ba wani nisa ba ne. Ka fito ta Mokola, ka bi titin Sarauniya Elizabeth, sai ga dogayen gine-ginen asibitin da aka buɗe tun 1957. Amma Gwaggo sai da ta yi wata bakwai kafin ta yarda na raka ta.

Ƙari ne ya fito mata a gefe guda na bakin al'aura. Shekarunta sun haura hamsin, ta daina al'ada. Wani mai kemis ya ce maruru ne, maƙwabta suka ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe da zama cikin ruwan ɗumi. Ƙarin bai fashe ba, sai ƙara tauri yake. Ita kuwa kunya ta hana ta nuna wa kowa.

Mun isa da sassafe, muka tarar benci ya cika da mata, ana ta Yarbanci da Turanci, sai can ka tsinci Hausa. Gwaggo ta ja mayafi ta ce, "Ke, in namiji ne ba zan shiga ba." Aka yi dace likitar mace ce.

Ita ta zana mana a takarda. Akwai wasu 'yan halittu biyu, kowace kamar ƙwayar wake, dama da hagu a bakin farji, masu fitar da danshi. Likitoci na kiransu Bartholin. Toshewarsu ko yin ruwa abu ne da aka saba gani ga mata matasa, kuma ba ciwon daji ba ne. Ciwon daji a wurin ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa maruru. "Mama," in ji ta, "mace in ta wuce arba'in, ƙari a nan ba a matse shi kawai a sallame ta. Sai an yanki ɗan nama an duba."

Jiran sakamakon ya fi komai wuya. Kullum da yamma mu dawo Sabo, ƙamshin tsire ya cika layi, Gwaggo ba ta ko kallon abinci.

Sakamako ya nuna ciwon daji ne. Aka ɗauki hoto don a ga inda ya kai, aka yi tiyata aka cire ƙarin haɗe da naman da ke kewaye da shi, aka kuma cire kaluluwar matsematsin wannan gefen, domin can cutar kan fara zuwa. Daga baya aka sa ta a layin gashi na wasu makonni. Kuɗi kam an kashe, sai da dangi suka yi karo-karo.

Yanzu duk bayan wata uku muke komawa a duba ta. A zuwanmu na ƙarshe, ita na ji tana tambayar wata dattijuwa a kan benci tun yaushe nata ya fito.