Zauren da Likita Ke Amsa Tambaya a Manchesta

A kan titin Oxford da ke tsakiyar birnin Manchesta akwai wani tsohon gini mai farar fuska da ake kira St James's Buildings. An gina shi ne wa gamayyar kamfanonin da ke buga zane a jikin yadi, tun zamanin da auduga ke riƙe da garin. Yau a wani benensa na sama ake zaman shari'ar likitocin Birtaniya da ake tuhuma da sakaci, ko rashin ƙwarewa, ko rashin ɗa'a. 'Yar ƙanwata, wadda ke aikin jinya a wani asibitin birnin, ita ta ba ni labarinsa. Ta ce, "Kawu, kowa na iya shiga ya zauna ya saurara, ba sai ka san kowa ba." Na ce to, gani ya kori ji.

Ɗakin da na shiga bai da wani ado: tebura, kujeru, tulin takardu da kwalaben ruwa. Mutum uku ne ke zaune a matsayin alƙalai, kuma ba dukansu likitoci ba ne, domin doka ta ce dole a samu likita a ciki, a kuma samu wanda bai taɓa karatun likitanci ba, ya tsaya a madadin jama'ar gari. A gefe guda lauyan majalisar GMC, wadda ke riƙe da rajistar likitocin ƙasar tun 1858. A ɗaya gefen likitan da ake tuhuma da nasa lauyan. Dattijo ne mai furfura, ya girmi duk masu yi masa tambaya, ana bin bayanan da ya rubuta a fayil ɗin majinyaci layi bayan layi: ƙarfe nawa ka duba shi, me ka gani, me ya sa ba ka rubuta ba? Ba wanda ya ɗaga murya, ba kuma wanda ya saurara masa don shekarunsa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne inda tambayoyin suka dosa. Bayan an tabbatar da abin da ya faru, sai a koma kan yau: ko likitan ya gane inda ya kauce? Ya koma ya ƙaro ilimi? Idan aka mayar da shi bakin gadon majinyaci gobe, akwai fargabar ya maimaita? A kan amsar waɗannan ake yanke hukunci. Ana iya gindaya masa sharuɗɗa, ya yi aiki a ƙarƙashin idon wani babba. Ana iya dakatar da shi har zuwa wata 12. Ana iya share sunansa daga rajista, kuma ba zai nemi dawowa ba sai bayan shekara 5. Idan ƙwarewarsa ce ake shakka, GMC na da ikon tura shi jarrabawa a gaban wasu likitoci, a gwada iliminsa da hannunsa kamar ɗalibi. Duk hukuncin da ya fito ana liƙa shi a rajistar da ke intanet. Mai sayar da kifi a kasuwa zai iya rubuta sunan likitansa a waya ya ga ko yana da lasisi, ko akwai takunkumi a kansa.

Mutanen nan ba su farka da wannan tsari rana ɗaya ba. Da rayuka suka saye shi. Gabas da Manchesta kaɗan akwai ƙaramin garin Hyde, inda wani likitan unguwa mai suna Harold Shipman ya yi shekaru yana kashe majinyatansa da allurar maganin kashe zafi mai ƙarfi, yawancinsu tsofaffin mata, shi da kansa kuma yana rubuta takardar shaidar mutuwarsu. A 1998 wata likita maƙwabciyarsa, Linda Reynolds, ta kai ƙorafi kan yawan mace-macen, 'yan sanda suka duba sama-sama suka rufe. Asirinsa bai tonu ba sai da ya ƙirƙiri wasiyyar ƙarya da sunan wata da ya kashe, 'yarta kuma lauya ce. A Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kisan mutum 15, binciken mai shari'a Janet Smith kuma ya gano aƙalla 215. Rahotonta bai raga wa GMC ba, ya ce majalisar ta fi karkata ga kare likitoci fiye da kare majinyata. Daga nan aka raba mai gabatar da ƙara da mai yanke hukunci, aka kafa wannan kotun ta MPTS a 2012. A ƙarshen shekarar kuma aka fara dokar sabunta lasisi: kowane likita, komai girmansa, sai an tantance aikinsa duk shekara, sannan duk shekara 5 a tabbatar ya cancanci ci gaba, tare da jin ra'ayin abokan aikinsa da na majinyatansa. Tun watan Satumban 2024, duk wanda ya rasu a Ingila da Wales, in ba mai binciken musabbabin mutuwa na kotu ne ya karɓi lamarin ba, sai wani likita daban da bai yi jinyarsa ba ya duba dalilin rasuwar, ya kuma ba iyalin dama su faɗi abin da ke ransu.

Asibitocin ma ba a bar su ba. A ƙofar wani ƙaramin asibitin unguwa da na raka mai masaukina, na ga takarda manne a inda kowa zai gani, ɗauke da makin da hukumar duba asibitoci ta CQC ta ba su. Matakai huɗu ne, daga fitacce zuwa wanda ya gaza, kuma doka ta tilasta a nuna shi ko da na kunya ne. Wannan ma yana da tarihinsa. A asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, an bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa yayin da shugabanni suka duƙufa kan daidaita kasafin kuɗi. Wata mata mai gidan shayi, Julie Bailey, wadda mahaifiyarta ta rasu a can a 2007, ta tara iyalai suka ƙi yin shiru. Rahoton lauya Robert Francis na 2013 ya zo da shawarwari 290, daga ciki har da wadda ta zama doka: idan aka cutar da majinyaci a wajen jinya, wajibi ne asibiti ya faɗa masa gaskiya, ya ba shi haƙuri, ba sai ya tambaya ba. A wurinmu, inda ake yawan rufe irin wannan magana da "kwana ne ya ƙare", na daɗe ina juya wannan doka a raina. Yarda da ƙaddara bai taɓa hana tambayar wanda aka ba amana ba.

Sai dai shari'ar da ta fi nuna mini ƙarfin tsarin ita ce wadda ya kusa yin zalunci a cikinta, kuma ta shafi 'yar asalin Najeriya, Dakta Hadiza Bawa-Garba. A watan Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara 6, Jack Adcock, ya rasu a babban asibitin Lesta sakamakon ƙwayar cuta da ta bazu a jininsa. Ita ce likitar yara da ke kula da shi, kuma ta yi kurakurai, an yi jinkirin gane cutar da ba shi magani. A ranar kuwa ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ma'aikata sun yi ƙaranci har tana ɗauke da aikin wasu, kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwaji ta lalace na sa'o'i. A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanke mata ɗaurin shekara 2 da aka jingine. A 2017 kotun da ke wannan gini na titin Oxford ta duba halin da asibitin yake ciki a ranar, da irin gyaran da ta yi tun daga lokacin, ta ce dakatarwar wata 12 ta isa. GMC ba ta gamsu ba, ta ɗaukaka ƙara, a Janairun 2018 babbar kotu ta share sunanta.

Ƙasar ta ɗauki zafi. Likitoci suka ce idan haka ne, wa zai sake faɗin kuskurensa a fili? Suka haɗa mata gudummawar sama da fam 300,000 don ci gaba da shari'a. Ministan lafiya na lokacin, Jeremy Hunt, ya fito ya nuna damuwarsa, ya sa Farfesa Norman Williams ya yi nazari, shi kuma ya ba da shawarar a karɓe wa GMC ikon ɗaukaka irin wannan ƙara. A watan Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin dakatarwa. Iyayen yaron ba su ji daɗi ba, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsu, domin ɗansu ba zai dawo ba. Amma an yi jayayyar a bainar jama'a, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa a rubuce, an kuma tilasta wa hukumar da ke hukunta likitoci ta amsa tambaya ita ma.

'Yar ƙanwata ta ce a ɗakinta na jinya yanzu, idan ma'aikata suka yi ƙaranci, ana koya musu su rubuta rahoto tun kafin wani abu ya faru, su ma nas-nas suna da tasu majalisar, NMC, da ke sabunta rajistarsu duk shekara 3. Ta nuna mini wata sanarwa a wayarta game da dokar Martha, wadda aka fara aiki da ita a asibitocin Ingila a 2024, bayan rasuwar yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, a 2021, wadda iyayenta suka yi ta cewa jikinta na ƙara rikicewa ba a saurare su ba. Yanzu majinyaci ko danginsa na iya buga wata lamba, dare ko rana, wata tawagar likitoci daban ta zo ta sake duba shi, ba tare da neman izinin likitan da ke riƙe da shi ba.

Dakta Hadiza kuwa an ba ta damar komawa aiki a ƙarƙashin kulawa a 2019, a 2021 kuma aka ɗage mata dukan sharuɗɗan.