Katangar ƙwayar tarin fuka da maganin wata shida

Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka, wato tibi, ya san tambayar da ke tasowa wajen wata na uku: tari ya lafa, jiki ya fara murmurewa, to me ya sa sai an cika wata shida ana haɗiyar magani? Ƙanena ya yi mini ita, ita ce kuma ta sa na shiga karatu kan ƙwayar cutar.

Ƙwayar tana zaune ne cikin katanga mai kauri, ta sukari da wani maiƙo mai kama da kakin zuma. Magani na shan wuya kafin ya ratsa, ga shi wasu ƙwayoyin kan lafe kamar sun mutu. Madubin da ake duba kaki da shi a asibiti yana nuna ta ne kamar 'yar jar sanda, amma ba ya nuna furotin ɗin da ke gina katangar. Wannan sai madubin da ke aiki da ilektoron maimakon haske, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931. Yanzu ana daskarar da furotin cikin ƙiftawar ido, a ɗauki dubban hotunansa, kwamfuta ta harhaɗa siffarsa. Dabarar ta samu kyautar Nobel a 2017.

Abin da ya fi ba ni mamaki labarin ethambutol ne, ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake fara jinya da su. Tun 1961 aka gano shi, amma sai a 2020 masu bincike daga Sin da Birtaniya suka nuna hotonsa zaune daram cikin furotin mai suna Emb, ya tare gurbin da sukarin gini ke shiga. Kusan shekara sittin ke nan ana warkar da mutane da shi, ido bai ga inda yake kamawa ba! Hoton ya kuma nuna cewa ɗan sauyi a bakin gurbin kan rage wa maganin ƙarfin kamu. Ƙwayoyi masu irin wannan sauyi ake ba wa fili idan ana sha ana tsallakewa, sannan a shaƙa wa 'ya'ya da mata a ɗaki guda.

Gwaji da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Sai dai ethambutol kan taɓa ido. Mai shan sa da ya fara gani dishi-dishi, ko ja da kore suka rikice masa, ya koma wurin likita a ranar.