Fuka da Tsoron Maganin Shaƙa

Duk gidan da ke da yaro mai fuka, watau asma, ya san irin daren da ake kwana zaune in hunturu ya kankama. Amma iyaye da dama sun fi tsoron maganin bisa ga ciwon. Da likita ya ambaci sitiroyid sai hankali ya tashi, domin jama'a sun san ƙwayoyin nan da wasu ke sha don ƙiba, masu kumbura fuska, masu ƙara sukari da kitsen jini, watau kolestarol.

Ranar da aka rubuta wa ɗana na shaƙa, Inna cewa ta yi, "Kai dai kada ka bari su tsumburar mini da jika." Maganarta kuwa ba ta rasa tushe ba. A Amurka da Kanada an bi diddigin yara 1,041 masu fuka, aka bayyana a 2012 cewa waɗanda suka shekara huɗu zuwa shida suna shaƙar budesonide sun girma da ragin tsawo na kimanin santimita 1.2. Faɗin ɗan yatsa ke nan. Ni dai a wurina wannan ciniki ne mai araha, in an auna shi da yaron da numfashi ke gagara da tsakar dare.

Abin da ya fi cancantar lura yana can ciki. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da sinadarin kotisol, wanda jiki ke dogara gare shi wajen jure zazzaɓi da rauni. In maganin waje ya yawaita, sai ƙullutun ya yi kasala, kamar manomin da ake kawo wa hatsi har gida. A 2002 likitocin Birtaniya sun ba da labarin yara 28 da haka ta kwantar, akasarinsu masu shaƙar fluticasone fiye da ƙima, har sukarin jininsu ya faɗi. Shi ya sa ba a yanke maganin farat ɗaya ba da sanin likita ba.

Sa'an nan na shaƙa, wanda aka soma aiki da shi tun 1972, ƙanƙanin abu ne da ke tafiya huhu kai tsaye, ba kamar ƙwayar prednisolone mai zaga jini duka ba. Wanda ya ƙi shi, ƙwayar nan da yake gudu ita za a ba ɗansa duk lokacin da ciwon ya tashi. Mu a gida, yaro yana kurkure baki bayan kowace shaƙa, a asibiti kuma ana auna tsawonsa, in ƙirji ya lafa wata uku likita ya duba ko zai rage.